Sunan Maisuna a Fuskar Wata

Ku bar ɓarar gyaɗar nan haka, ku matso kusa. Ga wata nan gare ku, kuma ta wata ce, wannan dai da kuke leƙe in azumi ya ƙarato. Amma tun yanzu ina gaya muku, ba a jin tawa kyauta. In na kai ƙarshe zan ajiye muku tambaya, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi nasa ra'ayin.

A wani ƙauye da ake kira Tungar Barmo an yi wani manomi, Malam Sallau. Da aka kawo masa amarya yana saurayi, sai aka tarar sunanta ɗaya da na mahaifiyarsa. Kun dai san halinmu. Ɗa ba ya faɗin sunan uwa, miji ba ya faɗin sunan uwargida, to ga suna ɗaya ya haɗa kunya biyu a gida ɗaya. Tun ranar da ta shigo aka ce mata Maisuna, shi ke nan ya bi ta. Maƙwabta Maisuna, masu tallan nono Maisuna, har a asibiti, da ciwon ajali ya kwantar da ita, Maisuna aka rubuta. Shi kuwa Malam Sallau ko wannan ɗin bai cika faɗa ba. “Ke” yake ce mata, ranar da ya ji daɗi ya ce “ke wannan”. Haka suka tsufa tare lafiya lau, ba wanda ya taɓa jin kansu.

'Ya'yansu uku suka rayu: Lawandi babba, sai Kubura, sai autansu Namadi. Su kuwa Inna suke ce mata. Da suka yi aure, Allah ya yi ta ba mazan biyu 'ya'ya maza, 'ya'yan Kubura mata kuwa dangin mijinta aka yi wa takwara da su. Saboda haka ba a taɓa mayar da sunan ba.

Bayan rasuwarta da 'yan shekaru, tsufa ya fara taɓa Malam Sallau a ka. Wata rana ya idar da sallar la'asar, ya ɗaga hannu zai yi mata addu'a, ya ce yau dai a gaban Allah bari ya ambace ta da sunanta. Ya nema ya rasa. Abin da bakinsa bai taɓa furtawa ba, ashe zuciyar ma ta sake shi. Kuma ku tuna suna ɗaya ne da na uwarsa, wato mata biyu ya ɓatar a lokaci guda. 'Yan'uwansa duk sun riga shi, tsararrakinsa a garin ba saura. 'Ya'yan suka zauna suna jero masa sunayen mata, ya ce wannan kamar shi ne, wancan ma kamar shi ne, har ya rikice ya fara kuka, suka bari. Suka ce, “Baba, Allah ya san wadda kake nufi.” Ya ce ya sani, amma shi yana so ya sani shi ma kafin ya tafi. Kowa ya koma harkarsa da abin a ransa, tsoho kuwa ya ci gaba da zama a zaure yana motsa leɓe.

To, mu fara da Lawandi. Shi gyaran tabarau yake yi a kasuwar Gusau, kuma yana cikin masu fita duban jinjirin wata. Sauran in sun hango shi sai su yi kabbara su koma gida, shi kuwa sai ya tsaya yana tambayar kansa me ke fuskarsa. Da hannunsa ya haɗa madubin hangen nesa, ya goga gilashin da kansa har tafinsa ya yi kanta, ya sa shi a wani bututu mai kaurin turmi. Tsakanin magariba da isha yana kan soro. In wata ya tsufa kuma yakan same shi da safe a yamma, ya yi fari fat, kafin ya fita kasuwa. Mutane suka yi ta yi masa dariya, bai kula ba, don Lawandi irin mutanen nan ne da in kana yi musu magana suke kallon wani wuri.

Ga waɗanda ba su sani ba, fuskar wata cike take da ramuka, inda duwatsun sama suka faɗo suka huda ta. Manyan an ba su sunaye tuntuni. Ƙananan kuwa sun fi a ƙirga, yawancinsu ba su da suna. Kuma ramin wata ba ya nuna kansa in wata ya cika. Sai a bakin iyakar haske da duhu, inda rana take bugunsa a karkace, inuwa ta kwanta a ciki, kamar yadda sawun akuya yake fitowa sarai a kan rairayi da hantsi amma da rana tsaka ba ka ganinsa.

A irin wannan iyaka, wata magariba, Lawandi ya ga wasu 'yan ramuka sun jeru a layi ɗaya, wannan na bin wannan. Washegari ya duba, haske ya shanye su. Da wani ne da ya ce idonsa ne ya yi masa gizo ya manta, shi kuwa ya jira wata ya zagayo. Suka sake fitowa, suka sake ɓacewa. Gajimare ya hana shi a damina, ƙura ta hana shi a wasu watannin, bai gaji ba, har ya samu ya kara wayarsa a bakin madubin ya ɗauke su. Ba shi ya fara ɗaukar hoton wurin ba, na'urorin da ake aikawa sama sun ɗauka tun da daɗewa. Amma a cikin duk waɗanda hoton ya wuce ta gabansu ba wanda ya tsaya ya ce waɗannan ai a jere suke. Lawandi ne ya lura, sai ya aika wa ƙanwarsa.

Kubura kimiyya take koyarwa a jami'a, kuma tun tana yarinya ba a kayar da ita a musu. In ka ce mata tuwo ya dahu sai ta ɗanɗana. Ta nemo manyan hotunan wurin, ta aika wa wata majalisar masana da ke can ƙasashen waje, waɗanda su ne suke sa wa abubuwan sama suna. Suka amsa mata cikin ladabi cewa ramuka ne barkatai, ba dangin juna ba, ido ne kawai yake jera su, kuma su ba sa ba tarkace suna. Da ta ji haka ta ce to, an zo wurin.

Ta zauna ta auna inuwar kowane rami don ta san zurfinsa. Ta duba bakin kowanne, don tsohon rami bakinsa ya dakushe, sabo kuwa bakinsa da kaifi. Ta tarar duk tsara ɗaya ne, na tsakiya sun fi girma, na gefe suna ƙanƙancewa, kuma ƙasar da kowanne ya watso ta yi karo da ta maƙwabcinsa, abin da ba zai yiwu ba sai in tare suka faɗo. Wato dutse ɗaya ne ya taho, ya farfashe a hanya, gutsattsarinsa suka sauka a jere. Uwa ɗaya ta haife su rana ɗaya. Kuma ba ta yi wa yayanta kara ba, biyu daga cikin ramukan da ya fi so, na can ƙarshen layin, ta ce baƙi ne, sun girmi sauran nesa ba kusa ba, ta cire su. Lawandi ya yi fushi ya daina ɗaukar wayarta har aka yi sallah. Amma cirewar nan ce ta sa masanan suka gane ba son rai take bi ba. Suka sake dubawa, suka yi ta kai da komo da ita, a ƙarshe suka ce ta yi gaskiya, jeri ne guda, ya cancanci suna.

Suka ce a al'adarsu ƙananan ramuka sunan mutane na yau da kullum ake ba su, daga harsunan duniya, ba tare da an rubuta don wane ko don wance aka sa ba. Su kawo ɗaya daga nasu, amma suna na gaskiya, ba laƙabi ba, kafin zamansu na bayan kaka. In bai zo ba za su ɗauko wani daga wurinsu.

Su ukun suka taru a Tungar Barmo, suka shimfiɗa wa tsohon babban hoton a kan buzunsa. Ya sa tabaraun da Lawandi ya yi masa, ya daɗe yana bin layin da yatsa.

“Wannan ai saran shuka ne,” in ji shi. “Mai sungumi ya wuce, ba a biyo shi da iri ba.”

Suka yi dariya, shi bai yi ba.

“Haka muke yi a gonar fadama. Ni ina gaba ina sara, ita tana baya tana zuba iri tana rufewa da dunduniya. Ban taɓa waiwayawa na ga rami a buɗe ba. Kun ce abin da aka sa wa suna a can ba ya gogewa?”

Kubura ta ce, “Ba ya gogewa, Baba. Can ba ruwa ba iska.”

“Kuma ba za su ce don ita aka sa ba?”

“Ba za su ce ba. Mu kaɗai za mu sani.”

Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai, don ko a wata ba ya so a ce Sallau ya rasa kunya. Ya ce, “To a sa nata. Ko an samo mini shi yau, gobe zan sake mantawa, ku kuma ba za ku faɗa ba. A kai shi inda ba zai ƙara ɓata ba.”

To, ga wuri an samu, ga izini an samu, sunan ne babu.

Nan aikin Namadi ya zo. Shi fataucin awaki yake yi kasuwa-kasuwa, bai taɓa iya tsayawa ya leƙa madubin yayansa ba tare da ya ture shi ba, kuma surutunsa ya isa ya sa kurma ya nemi hutu. Amma ya san hanya, ya san mutane. Ya hau babur ya tafi garin su Inna, can arewa wajen iyaka.

Ya sami ƙanwarta da ta rage, wadda aka haifa bayan an kai Inna ɗakin miji. Ta ce ita da Yaya kawai ta san ta. Ya zaga tsofaffin matan garin, duk Inna ta girme su, duk Yaya Maisuna suke cewa. Wata ta ce kamar Saude, wata ta ce a'a Saude ai ta gidan Sarkin Fawa ce, suka kaure da gardama har suka manta da shi. Limamin da ya raɗa sunan ya rasu, ɗansa da ya gaje shi ma ya rasu. Duk gidan da ya shiga sai a ba shi fura, a yabi Inna, a ce mace mai kirki mai kawaici, a rako shi bakin ƙofa hannu wofi. Gero ya fara nuna a gonaki, Namadi bai samo komai ba.

Ranar kasuwar garin yana zaune a rumfar mai shayi, ransa a ɓace, sai ya ji wasu dattawa biyu masu furfura suna yi wa juna tsiya. Wannan ya kira wancan da sunansa na yanka gatsau, ya haɗa masa da ɓarawon kaji, wancan ya rama, jama'a suna ta dariya. Aka ce masa ai taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Sai Namadi ya ajiye kofinsa. Ya gane duk kwanakin nan masu ganin girman Inna yake ta bi, su kuwa girman ne ya rufe musu baki tun asali. Wanda ya kamata ya nema shi ne wanda al'ada ta ba izinin raina ta. Kuma ya tuna yana yaro, in Inna tana cikin nishaɗi takan ce, “Ina da wani bawa can a Maƙera, ya gudu bai gama mini aiki ba.”

Ya koma wurin ƙanwar Inna ya tambaya. Ta ce ai Mati ke nan, ɗan goggonsu, in yana raye yana wani ƙauye bayan iyaka. Namadi ya bi ta yashi da ƙaya, babur ya mutu ya tura, har ya same shi a gindin bishiyar bedi kusa da maƙerar jikokinsa, tsoho tukuf, ido ya tafi, kunne saura kaɗan. Ya gaishe shi, ya faɗi ko shi wane ne, ya tambaye shi sunan 'yar kawunsa da aka kai Tungar Barmo. Tsohon ya yi ta lalube a kansa, ya ce 'ya'yan kawu da yawa, shi ya manta. Da wani ne da ya yi sallama. Namadi kuwa ya matsa dab da kunnensa ya ɗaga murya.

“Ita dai ta ce kai bawanta ne, ka gudu ba ka gama mata aiki ba.”

Tsoho ya zabura har sandarsa ta faɗi.

“Wa? Barira? Barira mai tsoron kwaɗo ce za ta ce ni bawanta ne? Je ka gaya mata har yanzu ina bin ta ɗanwaken da ta cinye mini ranar sallah.”

Ya yi ta dariya har da tari. Da dariyar ta lafa ya ce, “Tana nan lafiya, ja'irar?” Namadi ya gaya masa gaskiya. Hawaye ya bi ta cikin gemun Mati, ya ce shi ke nan, yanzu ba sauran wanda zai zage shi a duniya.

Namadi ya dawo da suna a bakinsa, ga shi ba ya iya faɗa, don sunan uwarsa ne, kuma a gaban ubansa. Ya shiga zaure ya durƙusa, ya yi ta kame-kame, mai surutun nan yau baki ya mutu. Daga ƙarshe ya sunkuya ya raɗa wa tsohon a kunnen dama, yadda ake yi wa jariri. Malam Sallau ya rufe ido. Leɓensa suka motsa, ba sauti. Ya ce, “Ita ce. Su ne, su biyun.” Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Kubura ta aika da sunan ana saura ƙiris masanan su zauna, suka karɓa. Murna a gidan nan ba a magana. Tsoho ya ce abin da aka sa wa suna sai da rago. Liman ya ce rami dai ba jariri ba ne, a kira shi walima da sadaka ga mamatan, kowa ya huta. Aka zaɓi ranar da Lawandi ya ce inuwa za ta kwanta daidai. Aka yanka rago, aka yi waina, jikoki suka cika gida, har Mati aka ɗauko a mota, yana zuwa ya fara tsokanar mutane. Bayan magariba aka kafa madubin a tsakar gida, aka riƙo Malam Sallau ya kara ido. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya ce ya gan su, suna nan a jere.

Da aka zaunar da shi ya sa aka yi shiru. Ya ce, “Saura abu ɗaya. Tun da aka kafa gidan nan ba a taɓa faɗin sunan nan da ƙarfi a cikinsa ba. Ni ba zan iya ba, na tsufa da kunyata. Mati kuwa in ya faɗa sai ya haɗa da kwaɗo. Maroƙi ba na so, ba jininta ba ne. Ina so ɗaya daga cikin waɗanda ta haifa ya tashi tsaye ya faɗe shi sau ɗaya, a gaban jikokinta, in ji da kunnena. Na yafe masa kunyar, kuma albarkata ta wannan rana tasa ce. Sau ɗaya za a faɗa, mutum ɗaya zai faɗa.”

Su ukun suka sunkuyar da kai. Kowannensu yana jin nauyi, kuma kowannensu yana so har cikin ransa, don duk cikinsu ba wanda bai yi kewar Inna ba.

Sai tsakar gida ta rabu uku. Wasu suka ce Lawandi, don da bai ɗaga kai ya yi haƙurin watanni yana jiran inuwa ba, da babu jerin, babu dalilin da zai tayar da kowa neman suna, da tsoho ya tafi da bakinsa yana motsi a banza. Wasu suka ce Kubura, don abin da Lawandi ya gani tarkace aka kira shi, ita ta tsaya ta yi musu da manyan masana har suka sallama, da ba ita ba da ko an samo sunan ba inda za a ajiye shi, ya sake ɓata. Wasu suka ce Namadi, don ramuka da izini ba su da amfani in ba abin sa musu, da an ba su sunan wata mace can da ba a san ta ba, kuma shi kaɗai ya gane ƙofar da za a buga.

Tsohon dai yana zaune a kan buzunsa, ya juya kunnensa na dama wajen 'ya'yansa yana jira, wata kuma yana ta yin ƙasa.

To, ku da kuka ci gyaɗata kuka ji labarina, kada ku bar shi yana jira. Tsakanin wanda ya gani, da wadda ta tabbatar, da wanda ya samo, wa ya fi cancanta ya tashi ya faɗi sunan uwarsu?